Zabirar Imoru a Tukunyar Charlotte

Ni ce na ce masa ya saka. Gara in faɗi wannan tun da fari, don har yau in an tada zancen a unguwarmu, Moshi Zongo, sai a ce taurin kan Imoru ne ya jawo, ni kuwa in yi tsit kamar ban san komai ba. Sunana Awawu. Shekarata talatin ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titinmu, Imoru wanzami kuma ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa abin ya faru, wajen ƙarshen damina, lokacin da kowane ɗan boko a Tamale yake tafiya yana buɗa kafaɗa kamar shi ya kore su da hannunsa. A wannan damina jarirai biyu suka rasu a unguwarmu, duka maza, duka 'yan kwanaki bayan suna. Ciwon iri ɗaya ne. Yaro ya ƙi kama nono, muƙamuƙinsa ya ƙame, bayansa ya lanƙwashe, daga nan sai ka ji kuka ya tashi a gidan. Ɗaya ɗan Zakaria ne mai gyaran keke, wanda katangarsa ke manne da tamu. Aka ce iska ce, aka yi addu'a, aka binne. Ba wanda ya ɗaga ido ya dubi Imoru, ko da yake shi ya yi musu aski da kaciya ranar suna, kamar yadda yake yi wa kowane ɗa namiji a zangon nan tun yana saurayi.

Imoru yana da zabira, jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa. Ta kakanmu ce, wanda ya biyo ayarin goro ya sauka Tamale bai ƙara gaba ba. An ce ja ce a da, amma ni baƙa na tashi na gan ta. Tana da dokokinta. Ba a ajiye ta a ƙasa, aska ba ta zama a wajenta sai in aiki take yi, kuma ba a sa mata kaifi ko da za a gyara ta ne, sai dai a ɗinke. A cikinta akwai layu da kakanmu ya ɗinka, ba wanda ya taɓa buɗe su. Imoru ya yi imani su ne ke riƙe masa hannu. Ni dai na san hannunsa ba ya rawa, ko daga layu ne ko daga shekara arba'in yana abu ɗaya.

To, sai Allah ya ba shi jika na fari, namiji. Ɗansa Tahidu, mai Hausar yaran Tamale da ba ta raba namiji da mace, akawu ne a ofishin gona, yana da keke da alƙalami a aljihun gaba, kuma bai yarda matarsa Sanatu ta haihu a gida ba. Ya kai ta wurin wata ungozoma 'yar kudu, Charlotte, wadda ta buɗe ɗan gidan haihuwa mai ɗaki uku a hanyar Gumani. A gidanmu kaka shi ke yi wa jika aski da kaciya. Haka kakanmu ya yi wa Imoru, haka babanmu ya yi wa Tahidu. Imoru ya shiga wasa aska tun ranar da aka haihu, yana 'yar waƙa a maƙoshi, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

Ran kwana uku da hantsi, ina tsakar gida ina tsince wake, Tahidu ya shigo ya jingine kekensa ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Madam Charlotte ya ce ciwon da ya kashe yaron Zakaria ba iska ba ne. Ƙwayar cuta ne, yana zama cikin ƙasa da kashin dabba, yana shiga ta inda aka yanka. Ya ce a kawo askanka a sa cikin tukunya na shi kafin ranar suna."

Imoru ya dube shi, ya dube ni, kamar yana neman wanda zai fassara masa. "In ban kai ba fa?"

Tahidu ya sunkuyar da kai. "Sai in kai yaron asibiti, likita ya yi."

Wallahi tiren wake ya kusa suɓuce mini. Ɗan wanzami, jikan wanzami, ya ce zai ɗauki ɗansa ya wuce ƙofar ubansa ya kai wa baƙo! Ranar da aka yi haka Imoru ya gama aiki a zango, don wa zai ba shi ɗansa bayan ɗan cikinsa ya hana shi nasa? Na ce, "Tahidu, da bakinka?" Ya ce, "Gwaggo, yaro na ne." Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Imoru ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce yana goge askarsa, yana gifta ta a wuta, ran Juma'a ma har tafasa ta yake yi. Ya ce gara a ɗauki gawarsa da a ɗauki jikansa a kai asibiti yana raye. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ni na lallashe shi. Na ce tukunya ce fa, ba alƙali ba, ka saka ka cire, bakin yaron nan ya mutu. Ana jibi suna ya ƙi, ana gobe suna da safe ya rataya zabira ya ce, "Yaya, tashi mu je mu ga tukunyar da ta fi ni sanin aska."

Charlotte gajeriyar mace ce mai farin kallabi, Hausarta ta kasuwa ce, ba ta san namiji ba ta san mace ba, amma tana da ladabi. Ta rusuna ta gaishe shi da "Baba Wanzam", ta kai mu wani ɗan ɗaki a baya. Ga tukunyar a kan risho mai famfo. Ni da na yi zaton zan ga wani abu mai girma, sai na ga ba ta kai wadda nake dafa miya ba, sai dai kauri, ga murfi mai roba a baki da hannu biyu da ake murɗawa su haɗu.

"Mma Awawu," in ji ta, "tukunya na ki, in ruwa ya tafasa, zafi ya tsaya nan ke nan. Ko ki sa itace goma, ba ya ƙaru koraa, ko kaɗan, tururi yana gudu da shi. Cuta da yawa suna mutuwa a ruwan zafi, amma wannan na ƙasa yana da iri mai tauri paa, kamar ƙwallon dorawa. Ki tafasa shi, ya yi barci, ya tashi. Wannan tukunya yana kulle tururi, ba ya fita, sai zafi ya wuce na tafasa. A nan ne iri yake mutuwa."

Ta zuba ruwa kaɗan, ta sa wani faranti mai huji-huji a kansa. Ta nuna mana ɗan ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa a bututun murfin. In ya fara huci, in ji ta, sai a bar shi har dogon hannun agogon da ke kan tebur ya zo nan, ta ɗora yatsa, sannan a kashe wuta. Ta ja mana kunne sau uku cewa kada wanda ya taɓa murfin sai tukunyar ta yi shiru ta huce, in ba haka ba tururi zai saɓule wa mutum fuska.

Tana cikin wannan bayani aka yi ta buga ƙofar gaba, an kawo wata mai naƙuda daga Gumani, kan yaro har ya sauko. Charlotte ta ce, "Baba, jera aska a kan faranti, ka kulle yadda na nuna. Mma Awawu zai duba wuta." Ta fita da gudu tana ɗaure kallabi.

Imoru ya sauke zabira a cinyarsa. Can ya ce, "Yaya, in cutar nan tana jikin aska, a ina aska take kwana?"

Na ce, "A zabira."

"To in na dafa aska na mayar da ita inda ta fito, me na yi? Kuma kin san ba na zare su in baje a gidan wani. In za su shiga, su shiga da ɗakinsu." Ya shafa fatar da babban yatsa. "Amma fata fa? Ba za ta lalace ba?"

Nan ne na buɗe bakina. Ni Awawu, wadda kullum ta Allah nake ɗora ganda, wele ɗin da ake sa wa waakye, tun asuba, ina tura itace har rana ta take kafin ta yarda ta yi laushi. Na yi dariya na ce, "Fata? A rabin awa? Imoru, ɗanyar fata ma sai ta cinye mini itace dami guda. Wannan da aka jeme tun kafin a haife mu, ko gezau ba za ta yi ba. Saka, in ta jiƙe ka shanya." Da ƙarfin zuciya na faɗa, don a duk zango ba wanda ya kai ni sanin fata da wuta.

Ya yi bisimilla, ya naɗe igiyar, ya kwantar da zabira a kan farantin. Na murɗa murfin da hannuna, na ɗora ɗan ƙarfen, na ba risho iska.

Da tukunyar ta fara huci muka ja da baya, don ƙarar kamar ta kububuwa ce. Muka zauna muna kallon agogo. Dogon hannun bai yi rabin tafiyarsa ba na ji wani ƙamshi, ƙamshin da na fi sani a duniya, wanda ba ya tashi a tukunyata sai wajen azahar. Na ce a raina ƙila daga maƙwabta ne. Na haɗiye yawu na ci gaba da kallon agogo.

Imoru ya ɗaga hanci. "Yaya, wa ke dafa ganda a nan?"

Ya dube ni, ya dubi tukunyar, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya zabura zai kama murfin, na riƙe masa riga da hannu biyu ina cewa fuskarka, fuskarka! Na kashe rishon da ƙafa na kusa kifar da shi. Amma kashe wuta bai buɗe tukunya ba. Haka muka tsaya, tsoho da tsohuwa, muna jin abin kakanmu yana dahuwa a gabanmu, ba mu da ikon taɓawa. Imoru yana ta salati. Ni ko salatin ya ƙi fita don kunya da tsoro.

Sai da tukunyar ta yi shiru Charlotte ta dawo, hannunta a jiƙe, tana murmushi an sami 'ya mace. Ta shaƙi iskar ɗakin, murmushin ya ɗauke. Ta cire ƙarfen, ta murɗa murfin, ta leƙa.

"Ei! Yesu! Baba, me ka sa?"

Abin da ta ɗago da ƙarfen kamu bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Zabirar da ke sauka har kwankwason Imoru ta tsuke ta ƙudundune, baƙa wuluk, tana yauƙi, ta shaƙe askake a cikinta, ƙotocinsu kawai ke leƙowa. Ƙahon da yake ƙaho da shi ya lanƙwashe. Igiyar ratayawa ta koma kamar jijiya. Imoru ya miƙa hannu ya karɓa da zafinta, bai ma ji tana ƙona shi ba. Ya ja ƙotar aska ɗaya, ko motsi ba ta yi ba, kuma tana hucewa tana ƙara tauri a hannunsa.

Na ce to, iyakar masifar ke nan. Ashe da saura. Charlotte ta cire farantin, ta juye ruwan da ya rage a wata farar tasa don ta wanke tukunyarta, sai dukanmu muka tsaya cak.

Ruwan da ta zuba fari tas ya koma baƙi-baƙi ja-ja, da kauri, da maiƙo a sama. Da na ce rinin fata ne, amma hancina ya ƙi yarda. Na wanke nama a rayuwata fiye da yadda zan ƙirga, na san ƙarnin jini in ya ji wuta. Gashi yana yawo a kai, irin laushin nan na kan jariri. Da ta karkata tasar, sai ga laka ta kwanta a gindi, ƙasa sosai, mai kauri kamar yatsa. Duk wannan daga cikin ɗinkin zabira ya fito, daga lungunan da hannu ba ya kaiwa, tarin shekara sittin. A ciki askar take kwana, daga ciki ake zaro ta a ɗora wa ɗan kwana bakwai.

Imoru ya durƙusa. Ya sa yatsa ya taɓo lakar, ya murza.

"Madam," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kin ce a ƙasa take zama?"

"Baba, ban ce kai ne ba. Yana shiga ta cibiya ma, in an yanka da abu mai datti, ko an shafa wani abu. Ba wanda ya sani."

"Amma zai iya zama ni."

Charlotte ta dube ni kamar in cece ta. Ta ce, "Zai iya."

Na zaci zai yi kuka ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce a ba shi wuƙa. Na ce, "Imoru, ba a sa mata kaifi." Ya ce, "Na sani, Yaya." Almakashin Charlotte ya kasa, sai da aka ɗauko wuƙar girki, ya dafa abin a kan benci ya yi ta yanka kamar mai fasa busasshen rogo. Layun sun fashe, takardun ciki sun zama dusa, ba ko harafi ɗaya da ya rage. Ya tattara su a gefen rawaninsa ya ƙulle, ya ce zai binne. Ya zaro askake huɗu da almakashi ya miƙa wa Charlotte tsirara.

Ta wanke su da burushi da sabulu, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sake ɗora tukunyar, wannan karon ba ta matsa ko'ina ba. Da suka huce ta sa su a gwangwani mai murfi, ta koya masa yadda zai wanke hannu har gwiwa, ta ce kada ya wasa aska a tafin hannu. Duk abin da ta faɗa sai ya ce to. A hanyar gida na ce masa, "Ka yafe mini, ni na ce ka saka." Ya ce, "Da ba ki ce ba, da ban gani ba." Muka zo ƙofar Zakaria, yana zaune yana like taya, ya ɗago ya gaishe mu da fara'a, ya ce gobe yana nan tafe. Imoru ya amsa kansa a ƙasa, ya wuce da sauri.

Da Tahidu ya ji abin da ya faru, ya zo ya durƙusa hawaye na zuba. Ya ce, "Baba, ban ce a ƙona kayan kaka ba. Gobe ka yi ma jikanka, na yarda." Na yi ajiyar zuciya. Na ce a raina an yi asara, amma sunan gidanmu ya tsira.

Gari ya waye, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka raɗa wa yaro Abdul-Rahaman, aka raba goro. Aka shigo tsakar gida da shi, na zauna na karɓe shi a cinyata. Mata sun cika ƙofofi, maza 'yan uwa sun kewaye. Imoru ya wanke hannu har gwiwa, mutane suna kallon juna. Ya buɗe gwangwani ya yi askin, sumul, ko ƙwarzane babu.

Sai aka zo kaciya. Na gyara wa yaron zama, na riƙe ƙafafunsa. Imoru ya ɗauki ƙaramar askar, ya yi bisimilla, ya sunkuyo. Ina kallon bakin askar, sai na ga yana kaɗawa. Na ɗaga ido. Hannun Imoru ne ke rawa, tun daga kafaɗa, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Ya ja numfashi ya sake sunkuyowa, rawar ta ƙaru. Daga baya mutane sun ce rashin layu ne. Ni da nake jin numfashinsa a fuskata na san ba layu yake tunawa ba.

Ya mayar da askar cikin gwangwani ya rufe.

"Tahidu."

"Na'am, Baba."

"Ɗauki ɗanka mu kai shi wurin likita."

Wata tsohuwa ta saki salati. Sanatu ta leƙo daga ɗaki baki buɗe. Tahidu ya ce, "Baba, askan ya yi tsabta, Madam da kansa ya..." Imoru ya ɗaga masa hannu, wannan hannun mai rawa, a gaban kowa, bai ɓoye ba.

Ni na goya yaron. Tahidu yana gaba yana tura keke, Imoru yana bayanmu. Ba ta bayan gida ya ce mu bi ba, ta tsakiyar zango muka ratsa da rana tsaka, masu shago suna fitowa, mata suna leƙe ta kan katanga, kowa ya san inda za mu. Ina tafe ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba.

A ƙofar asibiti ya tsaya. Na fara kwance goyo, sai ya dafa zanina ya ce in dakata. Ya kamo hannun rigar Tahidu.

"Shiga kai kaɗai tukuna," in ji shi. "Ka ce su nuna maka tukunyarsu, ka gani da idonka. In ba su da ita, kada ka ba su jikana."